Ɗan Tsibiri a Bahar Maliya

A Tsibirin Gobir aka haife ni, ƴar tafiya kaɗan daga Maraɗi, saboda haka kalmar "tsibiri" a matsayin sunan gari ta fara shiga kunnena. Sai da na kai aji huɗu a makarantar boko, ranar da malami ya zana taswira a allo yana yi mana bayanin ƙasa da ruwa, sannan na ji cewa tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Na tuna dariya na yi, domin ruwan da na sani shi ne Gulbin Maraɗi, wanda yake zuwa da damina ya tafi da kaka, ya bar mana rairayi muna wasa. A ɗan zaman da yakan yi, da kuma tafkin Madarunfa inda nake zuwa hutu wurin kawuna, na koyi iyo a ɓoye, ina shan bulala duk ranar da jan ido ya tona mini asiri.

Teku kuwa a bakin kakata na fara jin labarinsa. Mijinta, kakana na wajen uwa, yana cikin waɗanda suka tafi aikin hajji da ƙafa kafin jirgin sama ya zama ruwan dare. Ya bi ta Barno da Cadi, ya ratsa Darfur da Kurdufan, yana tsayawa ƙwadago a gonakin auduga har ya tara guzurin gaba, kafin ya isa Sawakin, tsohuwar tashar alhazai da aka gina da duwatsun murjani a kan wani ƙaramin tsibiri. Daga nan ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Shekara shida ya yi kafin ya dawo gida. Abin da ya fi yawan faɗa, in ji ta, shi ne duk dazuzzukan da ya keta bai ji tsoro irin wanda ya ji a kan Bahar Maliya ba. Tana ba da labarin tana murza wani jan murjani da ke wuyanta, ni kuma sai na ɗauka daga can ya kawo mata tsaraba.

Waɗannan kalmomi biyu, maliya da murjani, sun biyo ni har jami'a. Kundin digirina na biyu a kan kalmomin Larabci yake, waɗanda suka shigo Hausa a bakin fatake da alhazai. A shekarar 2024 na sami damar zama na wata goma a Alƙahira domin tattara bayanai, kuma a can ne na ji da kunnena abin da na daɗe ina karantawa: mutanen Masar da Sudan sukan kira kogin Nilu da sunan "bahar", don haka idan suna nufin teku na ainihi sai su ƙara masa sifa, su ce "al-malih", wato mai gishiri. Alhazanmu sun ɗauki sifar suka mai da ta suna. Bahar Maliya, ashe, ruwan gishiri ke nan kawai. Kuma sunan ya dace, domin gishirinsa ya kai kusan giram 40 a lita ɗaya, alhali matsakaicin na sauran tekuna giram 35 ne.

Tallafin karatun bai taka kara ya karya ba, sai na riƙa yi wa marasa lafiya da ke zuwa asibitocin Alƙahira daga Nijar da Nijeriya aikin tafinta. Da ɗan abin da nake samu ne wani abokin karatuna, mutumin Iskandariya wanda ya tashi a bakin teku, ya ja ni zuwa Dahab da ke gaɓar Sina'i, ya sa ni koyon nutso da tulun iska. Matakin farko nutso huɗu ne a buɗaɗɗen ruwa, ya ba mutum izinin sauka zuwa mita 18. Mataki na biyu nutso biyar, ya kai shi mita 30. Na yi su duka, na kuma koma sau uku a ƙarshen mako, har abin da ke rubuce a littafin nutsona ya kai 19.

Ga wanda bai taɓa yi ba, ya kamata in ɗan bayyana abin da ke cikin sana'ar, domin a kansa duk zancena zai tsaya. Tun 1943, lokacin da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera na'urar da ke ba mutum iska daidai da matsin ruwan da ke kewaye da shi, nutso ya zama abin da kowa zai iya koya. Sai dai ruwa bai canza halinsa ba. Duk mita goma da ka sauka, nauyin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya gaba ɗaya. A mita 30 iskar da kake zuƙa a numfashi ɗaya ta ninka ta sama sau huɗu, don haka tulun yana ƙarewa da sauri. Iskar azot, wadda wasu ke kira naitirojin, tana narkewa cikin jini da tsoka, idan kuwa ka taso da gaggawa sai ta fito kumfa-kumfa kamar lemun kwalba da aka buɗe bayan an girgiza shi, ta toshe jijiya ko ta taɓa laka. Shi ya sa ake tasowa a hankali, a tsaya minti uku a mita biyar, kuma ba a hawa jirgin sama sai an kwana. Wanda abin ya kama, maganinsa iskar oksijin da ɗakin matsin iska, kuma irin wannan ɗaki a tudu yake.

Sannan babu magana. Bututu yana bakinka, sauti kuma yana gudu a ruwa fiye da sau huɗu na gudunsa a iska, har kunne ba ya iya gane daga ina ya fito. Abin da ya rage shi ne ƴan alamomin hannu da ba su fi ashirin ko talatin ba. Ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe: lafiya. Ka shimfiɗa tafi ka karkaɗa shi: akwai matsala. Ka ɗaga babban yatsa sama: mu tashi. Ka dunƙule hannu: iskata ta sauka zuwa ma'auni 50, daga 200 da aka fara da shi. Harshe ne marar karin magana, marar zaurance, marar habaici.

A watan Afrilun 2025, bayan ƙaramar salla, abokina ya zo da maganar abin da Misirawa ke kira "safari". Kalmar ƴar'uwar "safara" tamu ce, dukansu daga "safar" na Larabci. A bakinsu tana nufin jirgin ruwa da masu nutso kimanin ashirin za su zauna a cikinsa kwana shida, su ci a ciki, su kwana a ciki, su shiga ruwa sau uku ko huɗu a yini, domin isa wuraren da jirgin jeka-ka-dawo ba ya kaiwa. Idan lokacin tashi ya matso akwai sauran gurabe, masu jiragen sukan karya farashi. Duk da ragin, kuɗin ya tasar wa jika 600 na sefa, kusan duk abin da na tara ke nan. Na san ba zan sake samun irin wannan dama nan kusa ba, tunda a watan Yuni zan koma gida. Tambayar ita ce: wane tsibiri?

Hanyar da zuciyata ta fi so a rufe take. Da so samu ne, Sudan zan nufa, in ga Sanganeb da hasumiyar fitilarsa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016, in ga Sha'ab Rumi inda Cousteau ya zaunar da mutane wata guda a wani gida ƙarƙashin ruwa a 1963, sannan in taka Sawakin inda kakana ya tsaya. Yaƙin da ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe wannan ƙofa, kuma wanda ya san halin da mutanen ƙasar suke ciki, har da dubban Hausawan da kakanninsu suka yada zango a can kan hanyar Makka, zai ji kunyar kiran rashin yawon buɗe idonsa asara.

Saura uku, duk a ruwan Masar. Ta farko hanyar arewa ce, daga Hurgada zuwa tsibiran Gubal da Shadwan da Ras Muhammad. Ita ce mafi sauƙin ruwa, kuma hanyar jiragen da suka nutse ce. A can Thistlegorm yake, jirgin dakon kayan yaƙi na Ingila da jiragen saman Jamus suka nutsar a watan Oktoban 1941, har yau babura da manyan motoci suna jere a cikinsa. Ni dai ƙarfe bai ja hankalina ba. Bugu da ƙari, jadawalin jirgin da ke da gurbi ya haɗa da Salem Express, jirgin fasinja da ya bugi dutsen murjani kusa da Safaga a watan Disamban 1991 yana dawowa daga Jidda, mutum fiye da 400 suka rasu, da yawansu masu dawowa daga ibada da neman abinci. Masu nutso da dama suna ziyartarsa cikin ladabi, ban kuma zarge su ba. Amma jikan mutumin da ya ƙetare wannan teku yana addu'a ba zai iya yawo da fitila a kan akwatunan waɗanda ba su ƙarasa ƙetarewa ba. Na ajiye arewa.

Ta biyu ita ce wadda abokina yake mafarki: Al-Akhawain, wato Ƴan'uwa Biyu, wasu ƙananan tsibirai da suka tsiro a tsakiyar teku, fiye da kilomita 60 daga garin Ƙusair. Babban yana ɗauke da hasumiyar fitila da Ingilishi suka gina a 1883, kuma a jikinsa jirage biyu suke rataye, Numidia da ya nutse a 1901 da Aida da ya bi shi a 1957. Daga nan jirgi yakan zarce zuwa Abu Kizan, wanda Turawa ke kira Daedalus, inda da bazara ake ganin garken kifin shak mai kai kamar guduma. Duk wanda ya san Bahar Maliya zai gaya maka nan ne ƙololuwa.

Ta uku hanyar kudu ce, daga tashar Galib kusa da Marsa Alam, a gangara a wuce Ras Banas har duwatsun murjanin da ake kira Sant Jon. A wannan yanki ne tsibirin Zabargad yake, kuma shi ne ya shiga raina, saboda sunansa. Zabargad shi ne "zabarjad" na Larabci a bakin Bamisire mai furta jimun kamar "g", sunan wani koren dutse mai daraja da aka haƙa a tsibirin tun zamanin Girkawa da Rumawa. Su kuwa Topazios suke kiran wurin. Marubucin Rumawa Pline Babba, wanda ya rasu a shekara ta 79, ya ruwaito cewa sunan ya fito ne daga wata kalma ta mutanen gaɓar da ke nufin "nema", domin hazo yakan rufe tsibirin matuƙa jirgi su yi ta nemansa. Daga baya sunan topaz ya tashi daga kan koren dutsen ya koma kan wani dutse dabam, kamar yadda suna yakan bar mai shi ya bi baƙo. Ɗalibin harshe da aka haifa a Tsibiri, ina zai ji wannan bai so zuwa ba?

A nan gizo yake saƙar. Ƴan'uwa Biyu da Abu Kizan da Zabargad da maƙwabcinsa Roki duk wurare ne na buɗaɗɗen teku, kuma yawancin masu jirage ba sa ɗaukar mutum zuwa can sai yana da nutso 50 a littafinsa, wasu su sassauta zuwa 30. Jirgin da abokina ya samo 50 yake nema. Shi yana da fiye da ɗari. Ni 19.

"Ɗan'uwa, wannan ba matsala ba ce," in ji shi. "Littafin ai kai kake rubuta shi. Ka ƙara shafi talatin da ɗaya, hatimi kuwa ba ya wuyar samu. Na ga yadda kake a ruwa, ka fi wasu masu ɗari natsuwa. Wa zai zauna ƙirga shafuka?"

Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni. Ba mugunta ce ta sa shi faɗa ba, ƙauna ce, yana so mu ga abin tare kafin mu rabu. A daren nan na buɗe littafin a shafi na 20, na ɗauki alƙalami, na rubuta wata rana ta watan Fabrairu da sunan wani wuri a Dahab. Da na zo gurbin da ake rubuta yawan iskar da aka fito da ita, sai hannuna ya tsaya, domin na tuna nutsona na goma sha biyu.

Ran nan muna mita ashirin da ƴan kai, jagorarmu, wata mata da ta girme ni, ta juyo ta yi mini alamar zobe. Na san allurar ma'aunina ta riga ta sauka ƙasa da 50. Amma sauran mutum huɗu suna cikin jin daɗin kallon wata kififiya, ni ne baƙo, ni ne sabo, sai na ji nauyin in katse musu. Na mayar mata da zobe. Kafin mu gama tsayuwar minti uku numfashi ya fara yi mini tauri, sai da ta miƙo mini bututunta na biyu. Da muka fito ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi: "Idan ka sake yi mini ƙarya a ƙarƙashin ruwa, ba za ka ƙara shiga tare da ni ba."

Kalmar ƙarya ta yi mini zafi, domin a raina ban ji na yi ƙarya ba. Gaisuwa na amsa. Bahaushe ko yana kwance a gadon asibiti, ka ce masa "ina kwana", zai ce "lafiya lau". Ka ce "ina gajiya", ya ce "ba gajiya", ko da yanzu ya sauke buhu. Na ga wannan kullum a aikin tafinta: likita ya tambayi dattijo yaya jiki, ya ce da sauƙi, sai ni in san cewa ainihin amsar tana zuwa bayan tambaya ta uku. Mu da muka karanta Malinowski mun san irin wannan zance, wanda aikinsa ƙulla zumunci ne, kuma ba mai hankalin da zai auna shi da ma'aunin gaskiya da ƙarya. Kuskurena shi ne na ɗauki alamar zobe a matsayin "ina kwana", alhali tambaya ce tsagwaronta mai neman labari. A darasin Grice mukan haddace ƙa'idar nan ta cewa kada mai magana ya faɗi abin da ya san ba haka yake ba, mu rubuta ta a jarrabawa mu wuce. A ƙarƙashin ruwa na ga harshen da ba shi da komai sai wannan ƙa'ida. Kunya da kara, waɗanda a tudu su ne adon ɗan mutunci, a can suna iya kashe mutum biyu, domin wanda iskarsa ta ƙare ta abokinsa zai kama.

Sai na gane cewa littafin nutso ma amsar irin wannan tambaya ce. Jagora yana duba adadin ne ya yanke da wa zai haɗa ka, ta wane gefe zai jefa ku, da irin zurfin da zai yarda ku kai. A Ƴan'uwa Biyu jan ruwa yana da ƙarfi, har wani lokaci daga ƙaramin kwalekwalen roba ake faɗawa a nutse nan take ba tare da tsayawa a sama ba, don kada ruwa ya ɗauke mutum ya wuce tsibirin. Jikin tsibirin garu ne miƙaƙƙe da ya zarce mita 40 da aka iyakance wa masu nutson nishaɗi, babu rairayin da zai tare wanda ya kasa riƙe kansa. Idan ruwa ya raba ka da jama'a, dole ka iya hura balan-balan ɗin alama ka aika shi sama, ka tsaya cik a mita biyar ba abin kamawa, wataƙila da shak yana kewaya ka. A ƙarshen 2018 hukuma ta rufe tsibiran na wasu watanni bayan shak ya ciji wasu masu nutso. Ɗakin matsin iska mafi kusa kuwa tafiyar sa'o'i ce. Ban taɓa yin ko ɗaya daga cikin waɗannan a ruwa mai ja ba. Rubuta 50 daidai yake da in ce wa jagora "lafiya lau" tun kafin mu bar tasha. Na ja layi a kan abin da na rubuta, na rufe littafin.

Washegari na kira Inna. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, kuma ba ta saba doguwar magana da ni ba. Na yi mata bayani gwargwadon iyawata. Ta yi shiru, sannan ta ce: "Shi kakanka kiran Allah ya amsa ya hau ruwan nan. Kai wa ya kira ka?" Ban sami amsa ba. Na so in ce ilimi, amma na san rabin gaskiya ke nan, sauran rabin kwaɗayin gani ne. Na kuma san abin da jika 600 za su yi a gidanmu ana gab da shiga damina. Na gaya mata haka, na ce in ta hana na fasa. Ta ce: "Guminka ne, ban hana ka ba. Abin da ka turo na taki ya iso. Amma ka ji, iya ruwa fid da kai. Kada ka bi wani inda ƙafarka ba ta kai ba."

Maganarta ta sa na duba abin da da farko ban kula da shi ba, wato jirgin kansa. A watan Yunin 2023 gobara ta tashi a wani jirgin safari kusa da Marsa Alam, mutum uku ƴan Birtaniya suka mutu. A watan Nuwamban 2024 wani ya kife a wannan yanki da mutum fiye da arba'in, wasu ba a same su ba. Saboda haka kafin in biya ko dala na aika da tambayoyi: ɗakunan ƙasa suna da ƙofar tsira ta biyu? Akwai mai gadi da ba ya barci da dare? A ina ake cajin batura? Tulun oksijin nawa ne a jirgin? Wani kamfani bai amsa ba sam. Wani ya amsa ɗaya bayan ɗaya har da hotuna, kuma jirginsa kudu za shi, Sant Jon da Fury Shoals, inda ruwa ya fi lafawa kuma nutso 19 ya wadatar. Na tambaya ko za a tsaya Zabargad. Aka ce a'a, wannan sai masu 50. Haka na rasa tsibirin abokina, na kuma rasa nawa.

Abokina bai ji daɗi ba. Ya ce tsoro ne na sa wa rigar ɗa'a. Na ce wataƙila da tsoron a ciki, amma shi zai zama abokin nutsona, kuma ba na so ranar da zan kama bututunsa ta zo a wurin da ba ƙasa. Kwana uku bai kira ni ba. A ƙarshe ya tafi Ƴan'uwa Biyu, ni na hau motar dare zuwa Marsa Alam.

Abin da na gani a kwana shidan nan na watan Mayu ya fi ƙarfin wannan ƴar maƙala. A Sataya mun yi iyo cikin garken dolfin da ke hutawa a lungun murjani. A Umm Khararim mun bi ta cikin koguna marasa zurfi da hasken rana ke ratsowa ta rufinsu. Da dare mun kwana a inuwar tsibirin Sirnaka, jirgi yana juyawa a kan igiyarsa, har sai matuƙi ya duba kamfas kafin mu tayar da sallar asuba, domin alƙiblar da muka fuskanta da isha'i ta koma wani gefe. Makka tana can ƙetare, gabas maso kudu. Sawakin kuma tana kudu da mu da kimanin kilomita 500.

Littafin aikina ma bai dawo fayau ba. Ma'aikatan jirgin suna da kalma ga kowane irin dutsen murjani: sha'ab ga babba, gota ga guntu, irg ga mai tsini kamar ginshiƙi, habili ga wanda bai kai ga fitowa saman ruwa ba, marsa ga lungun da jirgi zai iya tsayawa. Inda mu muke da jigawa da fadama da fako da dabagi, su nan suka zuba hikimarsu. Ɗaya daga cikinsu, saurayi daga wajen Shalatin, mahaifiyarsa tana jin harshen Beja, wanda yake reshen Kushi na iyalin Afro-Asiya, kamar yadda Hausa take reshen Cadi. Ya ce mini namiji "tak", mace "takat". Wannan "t" ta mace, wadda muke ji a "ta zo" da "tawa" da "tasa", wadda Greenberg ya kafa hujja da irinta wajen haɗa iyalin, ga ta a bakin mai ɗaure igiyar jirgi. Da ya ce ruwa "yam" ne, sai kunnena ya yi tsalle zuwa "yamm" na Larabci, har ya so ya zarce zuwa "yamma" tamu. Na tuna gargaɗin malamanmu cewa kama da wane ba ta wane, na rubuta kalmar kawai ba tare da sharhi ba.

Murjani kuwa ya ba ni mamaki. Dabba ce mai rai, ƙanana birjik da ke gina gidan dutse, kuma yawancin wanda ke gina waɗannan tuddai ruwan ƙasa ne ko rawaya ko shuɗi-shuɗi. Ja ma shi ne launin da ruwa yake fara haɗiyewa, tun daga mitocin farko, sai ka haska fitila yake dawowa. Jan murjanin da mata ke ratayawa wani iri ne dabam, daga Bahar Rum ake ciro shi, ayarin Sahara ne suka riƙa kawo shi ƙasar Hausa. Na wuyan kakata, ashe, ya fi kusa da zama ɗan hanyar Agadas. Kalmar da abin da take nufi kowanne da hanyar da ya biyo, kuma wannan ya sa na sake rubuta sashe guda na kundina.

A rana ta huɗu, a Habili Ali, jan ruwa ya tsananta fiye da yadda aka zata. Ina mita 24 na ji numfashina yana sauri, ƙirjina yana bugawa, allura tana sauka. Jagora ya juyo ya yi mini zobe. Hannuna ya fara haɗa yatsu da kansa, irin na mai amsa sallama. Na buɗe shi, na shimfiɗa tafi na karkaɗa, na ɗaga babban yatsa. Ya haɗa ni da mataimakinsa muka taso a hankali, sauran suka ci gaba. Ba wanda ya yi mini dariya, ba wanda ya yaba mini. A wurinsu magana ce aka yi, aka ji, aka yi aiki da ita. Wannan ɗan jan ruwa, in ji jagoran daga baya, a Ƴan'uwa Biyu ranar sauƙi ke nan.

Da yammacin ranar, muna komawa arewa, matuƙi ya kira ni ya nuna mini wani tudu can gefen gabas, launin toka, hazo ya ci rabinsa. Zabargad ne. Tsayinsa mita 235, shi ya sa ake hango shi daga nesa. Na tsaya ina kallonsa har duhu ya rufe. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, na sani.

Abokina ya dawo da hoton bidiyon shak masu kan guduma fiye da goma suna wucewa a Abu Kizan. Na kalla sau uku, kuma ƙarya nake in na ce ban ji kishi ba. Ya kuma ba ni labarin wani da aka hana shiga ruwa bayan rana ta farko, domin jagora ya gane littafinsa ya fi shi ƙwarewa. Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban ƙara ba. Shi ya raka ni filin jirgi.

Yanzu ina Yamai ina fama da babi na huɗu. Da na je gida Inna ta dube ni sama da ƙasa, ta ce "ka dawo", ta sa aka dama mini fura. Littafin nutsona yana cikin akwati tare da takardun makaranta. Shafi na 20 yana nan da layin da na ja a kansa, nutson gaskiya ya ci gaba daga shafi na gaba, kuma adadin ya tsaya a 36. Saura 14 kafin in cancanci neman Zabargad, idan Allah ya sa da rabon in sake ganin ruwan gishiri.